Dalmar da Ke Riƙe Tayar Gaba

Tun kafin masu shagunan layin su fara ɗage ƙofofinsu, Mai Dalma ya riga ya buɗe tasa. Ba ya farawa da shara kamar kowa. Da shigarsa sai ya wuce lungun garejin, inda wani tsohon babur yake kafe a kan ƙafarsa ta tsakiya, an lulluɓe shi da tamfol. Sai ya durƙusa da kyar, ya zaro 'yar takarda daga aljihu, ya tura ta ƙarƙashin tayar gaba. Kullum takardar wucewa take yi sumul ta fito ta ɗaya gefen, don tayar ba ta taɓa ƙasa, alhali jiya da yamma da hannunsa ya bar ta zaune daram a kan siminti. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fitilar, ya danna a hankali har tayar ta sauka, ya ce, "Zauna." Daga nan ne yake ɗaukar tsintsiya.

Mai faci, wanda shagonsa ke manne da garejin, ya fi shekara ashirin yana ganin wannan ta bakin ƙofa, kuma yana da nasa bayanin. Ya ce manyan motoci ne ke wucewa su girgiza ƙasa, babur mai tanki wayam kuwa dama bayansa ya fi nauyi, dole ya rinjaya. Bayani ne mai kyau, babu wanda ya taɓa ƙaryata shi. Sai dai shi mai facin bai taɓa yarda ya taka lungun nan ba. Ko aron sifana ya zo, daga waje yake miƙo hannu.

A ƙarshen wannan watan Mai Dalma zai rufe garejin. Likita ne ya rufe masa, don hayaƙin dalmar da ya shafe shekara talatin da wani abu yana shaƙa ya shiga jininsa, hannuwansa sun fara rawa. Zai rufe shiru, ba kofin girmamawa, ba hoto, ba wanda zai riƙe lasifika ya faɗi sunansa. Abin haushin shi ne, masu kofunan da hotunan, da yawansu suna tafiya da ƙafafunsu yau ne saboda wannan tsohon, amma in ka tambaye su sai ka ji ana ta yabon inji da ƙarfin zuciya. To, tunda su ba za su faɗa ba, bari a faɗa musu.

Ga wanda bai san harkar ba, tseren babura ne, amma ba irin na zagaye ba ne. A bayan gari akwai tsohuwar hanyar wata masaƙa da ta mutu, miƙaƙƙiya sak, kwaltarta ba rami. Duk ƙarshen mako masu babura ke taruwa can. Biyu-biyu suke tsayawa a layi, mai tuta ya saki tutarsa, su yi mita ɗari huɗu, shi ke nan. Kafin ka gama gyara tsayuwa an gama. Duk haɗarin yana cikin tashin farko. In mahayi ya murɗa totur ya saki kuloci, ƙarfin injin yakan tura nauyin babur gaba ɗaya zuwa baya, tayar gaba ta bar ƙasa. 'Yan kallo, Allah ya shirye su, a nan suke ɓarkewa da tafi, su a ganinsu bajinta ce. Shi kuwa mahayin zaɓi biyu ya rage masa. Ko ya sassauta hannu abokin karawarsa ya wuce shi, ko ya yi taurin kai babur ya miƙe tsaye ya kifo masa.

Aikin Mai Dalma shi ne hana wannan tashin. Yana tara guntayen dalma daga masu gyaran taya da kawunan tsofaffin batura, ya narka su a wata baƙar tukunya a bayan gareji, ya zuba a guntun bututu ko gwangwani, in ta daskare ya huda ta ya ɗaure ta da noti a gaban babur, can ƙasa da fitila, inda za ta danne tayar. Wanda ya ji haka zai ce ai kowa ma zai iya. To a gwada. In dalmar ta yi kaɗan babur zai tashi. In ta yi yawa, tayar baya ce za ta rasa abin da zai danne ta, ta yi ta juyi a banza, gindin babur ya karkace ya watsar da mai shi gefe. Tsakanin mutuwar nan da waccan, wani lokacin bambancin bai wuce nauyin kwalbar ruwa ba.

Shi ya sa ba ya zuba dalma da ka. Yana da sikeli biyu irin na auna buhu, a jere a tsakar garejin, ɗaya na tayar gaba, ɗaya na baya. Sai ya auna mahayi shi kaɗai da hular kwanonsa da takalmansa, ya rubuta nauyin a bango da alli, ba suna, lamba kawai. Sai ya auna babur shi kaɗai. Sannan ya sa mutum ya hau, ya kwanta a kan tanki kamar yadda zai kwanta ranar tsere. Masu ƙiba sukan shanye ciki in sun hau, sai ya ce musu su saki tumbin nan, sikeli ba budurwa ba ne. Bangon ya cika da lambobi, wasu kan wasu, in wuri ya ƙare ya goge na ƙasa. Amma can sama kusa da rufi akwai wata hamsin da takwas da ta dushe, wadda sau uku ana yi wa garejin fenti, sau uku yana sa mai fenti ya kewaye ta.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya ɗagawa ko ga wa. Kafin babur ya hau sikeli sai an tsiyaye tankinsa, a bar iya man da za a yi tseren da shi. Wasu su yi ta gunaguni, su ce ɓata lokaci ne. Shi dai sai ya miƙa musu tiyo da jarka ya koma ya zauna.

Dokar nan da rai aka saye ta. Mai Dalma yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, siriri mara jiki, wanda 'yan tsere ke kira Shaho. Shekara ashirin da shida da suka wuce, ana gobe babban tsere, yayan ya auna shi ya rubuta nauyinsa can saman bango, ya auna masa babur ya ɗaura masa dalma daidai wa daida. Sai dai tankin cike yake fal, kuma tanki a gaba yake, man da ke cikinsa ma nauyi ne a kan tayar gaba. Washegari da hantsi, a bakin layi, Shaho ya ga kowa yana rage mai don babur ya yi sauƙi, ya ce shi ma a rage masa. Yayan ne ya zura tiyo, shi ya zuƙa da bakinsa, shi ya riƙe jarkar har ta kusa cika, suna ta raha. Bai tuna ba. Mutumin da ya wuni yana lissafin nauyi, ya tsaya da hannunsa yana kwashe nauyin daga inda ya fi buƙata, bai tuna ba. Tuta ta sauka, babur ya miƙe kamar an ja shi da igiya daga sama, ya juya ya faɗo kan mai shi. Shaho bai kai asibiti ba. Babur ɗin kuwa, in ban da fitilar baya da ta fashe, ko ƙwarzane bai yi ba. Shi ne na lungun nan.

Ya bar mata da ɗa mai shekara huɗu. A ranar uku Mai Dalma ya samu matar ƙanin nasa ya faɗa mata komai, har da tiyon. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa kuka ba, kuma da ma ta yi. Ta ci gaba da gaishe shi da Yaya, tana aiko masa da yaron, in ba shi da lafiya ta zo dubiya, amma tun daga ranar idonta bai ƙara sauka a fuskarsa ba. Kafaɗarsa take kallo, ko bangon da ke bayansa. Ya ɗauki wannan bai taɓa ƙorafi ba, don a ganinsa ma an yi masa rangwame.

Wani da abin ya same shi sai ya bar sana'ar, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi sai ya ƙara shigewa cikinta. Duk ranar tsere yana bakin layi, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda ke biyansa. Kuma ba ya kallo. In babura suka tsaya sai ya juya musu baya ya runtse ido, wai da kunne ya fi gani. Mai tuta, wanda ya tsufa a wurin tare da shi, ya ce akwai ranar da ya ɗaga tuta zai saki, sai ya ji an cafke masa hannu ta baya. Mai Dalma ne, idonsa a rufe har lokacin, ya ce na hagun nan ba dalma a jikinsa. Aka duba, ga dalma baƙa ƙirin a ɗaure inda ya ɗaure ta. Ya matso ya ƙwanƙwasa ta da sifana, sai ta yi ƙarar ƙofa. Ashe mahayin ne ya cire ta don ya rage nauyi, ya sassaƙa katako daidai girmanta ya shafa masa baƙin fenti. Mutumin ya yi ta borin kunya yana cewa babur nasa ne, rai ma nasa ne. Yau yana da 'ya'ya biyar da shagon kayan gini, kuma har gobe in ya hango tsohon sai ya tsallaka titi. Mai tuta ya tambayi Mai Dalma yadda aka yi ya sani, ya ce masa shi ma bai sani ba, ya dai ji wurin ya yi sauƙi.

Kai ne, Mai Dalma, turken da ba a yi wa tafi. Kai ne wanda in aikinka ya yi kyau ba abin da ke faruwa, kowa ya watse yana cewa tseren yau ba armashi. Sau nawa aka ce maka matsoraci, mai kashe wa samari wasa? Ka ji, ka haɗiye, ka koma ka hura wutar tukunyarka.

Amma babban abin da ya sa aka ɗauki alƙalami ya faru ne wata biyu da suka wuce, kuma mutum uku suka shaida shi.

Ɗan Shaho ya girma a hannun yayan ubansa. Yanzu magidanci ne mai shekara talatin, ɗinki yake yi, kowa Tela yake ce masa. Ya iya babur kamar a kai aka haife shi, amma bai taɓa tsayawa a layin tsere ba, saboda uwarsa. Abin da ya sani game da mutuwar ubansa shi ne abin da 'yan kallo ke faɗa, cewa Shaho jarumi ne, ya tashi sama bai sauko ba. Bana da ya cika talatin ya lura ya wuce shekarun da ubansa ya yi a duniya da shekara ɗaya, abin ya tsaya masa a rai, ya daina barci sosai, ya fara ɓata wa mutane ɗinki. Wata safiya ya zo garejin ya gaishe da Babansa Mai Dalma cikin ladabi, ya ce yana son babur ɗin lungu, gadonsa ne, sau ɗaya tak zai kai shi ƙarshen layin da bai kai ba. Mai Dalma ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce injin ya mutu. Tela ya ce in Baba ba zai taɓa ba, akwai wasu kanikawan a gari, zai kawo mota a ɗauka.

Kwana biyu bayan haka uwar Tela ta zo. Rabonta da layin garejin tun rasuwar. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bangon lambobi.

"Yaya, na yi iya yina, ba zai ji ba," ta ce. "In dai sai ya hau, to kai za ka auna. Ban yarda da hannun kowa ba."

Ta juya ta tafi, ta bar shi riƙe da tsintsiya.

Mako guda ya yi yana tada injin. Ranar awo, wajen sha ɗayan rana, ya kira mai faci ya taya su riƙe babur a kan sikeli, shi kuwa ya yarda ne don an riga an fito da shi daga lungu zuwa tsakar gareji, ga rana tarwai tana shigowa ta ƙofa. Aka tsiyaye tanki. Aka auna Tela, aka auna babur. Tela ya hau ya kwanta a kan tanki, mai faci ya tallafe shi da yatsu biyu. Mai Dalma ya karanta na gaba, ya karanta na baya, ya haɗa da alli a ƙasa. Lissafin bai fita ba. Nauyin mutum da na babur sananne ne, amma sikelin baya yana nuna ƙari, kuma ba ɗan ƙari ba.

Ya ce wa mai faci ya ɗauke hannunsa. Ya ɗauke, allura ba ta motsa ba. Aka sauko, aka sauya sikelin, na gaba ya koma baya, aka sake hawa, ƙarin yana nan a baya. Aka sa mai faci ya hau a madadin Tela, lissafi ya fita cif, ba ƙari ko na cokali. Tela ya sake hawa, suna kallo allurar ta tafi ta tsaya inda ya kamata, ta ɗan jira, sannan ta ci gaba a hankali, yadda take yi in mutum na biyu yana gyara zama. Mai faci ya leƙa ƙasa ya ga ƙarin da tsohon ya rubuta, hamsin da takwas. Ya ce bai san lokacin da ya ɗaga kai ya dubi saman bangon ba. Ya ji garejin ya yi sanyi duk da ranar da ake ƙwallawa, ya ce yana da faci a kan wuta, ya fita. Amma bai yi nisa ba, a jikin ƙofa ya laɓe.

Tela ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce sikelin Baba sun tsufa kamar mai su.

"Sikelin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji Mai Dalma. "Ni ne na taɓa saɓa masa. Sauko ka zauna."

Nan ya faɗa masa abin da uwarsa ta rufe shekara ashirin da shida. Tankin, da tiyon, da jarkar, da rahar da suke yi. Bai nemi uzuri ba, bai ce ƙaddara ba, ko da yake ya san ita ce. Ya ce masa ubansa ba tashi sama ya yi ba, yayansa ne ya manta. Tela ya miƙe. Ya cire hular kwanon ya ajiye a kan benci, ya fita, ya wuce mai faci kamar bai gan shi ba.

Tsohon bai bi shi ba. Bai kuma je neman wanda zai fassara masa abin da ya gani ba. Da mai faci ya dawo yana ba shi shawarar a rufe babur ɗin a manta da shi, sai ya ce masa shi ba a tambaye shi wane ne a baya ba, an tambaye shi nawa ne, kuma an faɗa masa. Washegari ya hura wuta. Dalmar da ya narka ta ninka wadda ya saba sau uku. Hannunsa na rawa, ludayin na karo da bakin tukunya, har wani ɗigo ya faɗo masa a ƙafa ya cinye fata, amma ya ƙi a karɓa masa. Tsoro yake ji, tsoro mai tsanani, don ya fi kowa sanin abin da yake yi. In sikelin ya yi gaskiya, dalmar nan ce kaɗai za ta riƙe yaron a ƙasa. In kuwa idonsa ne da tsufa suka ruɗe shi, ba kowa a bayan, to ita ce za ta sa tayar baya ta zame ta maka shi da katangar masaƙa. Ke nan ya kashe uba da ragi, ya kashe ɗa da ƙari.

Ranar tsere, da aka turo babur ɗin bakin layi da wannan ƙatuwar dalma a ƙasan fitila, wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce babur ya yi gemu. Wani ya ce Tela keken ɗinki ya ɗauko. Kanikawa kuwa ba dariya suka yi ba, suka ja Tela gefe suka ce masa tsohon ya fara ruɗewa, wannan nauyin kisa ne, ya rage kashi biyu cikin uku tun da sauran lokaci. Magana ce ta masu sanin aiki, kuma da a ce wani babur ne, gaskiya suka faɗa. Ɗaya ya danƙa masa sifana.

Mako biyu ke nan Tela bai yi wa Babansa magana ba. Ya zo ya tsuguna a gaban babur, ya sa sifanar a kan noti. Can jikin shinge uwarsa ce tsaye, ita da ba ta taɓa zuwa wurin ba ko a zamanin mijinta. Mai Dalma ya matso yana ɗingishi da ƙafar da ta ƙone.

"Babur naka ne," ya ce masa a hankali. "In ka cire ba zan iya hana ka ba. Amma sau ɗaya na taya wani rage nauyi a wurin nan. Kai ba zan taya ka ba."

Tela ya daɗe a tsugune. Waɗanda ke kusa sun ce har mai tuta ya fara duba agogo. Sannan ya juya sifanar, amma ɗaurewa ya yi, ya ƙara wa notin rabin zagaye, ya miƙe ya ba mai ita kayarsa.

Mai tuta ya ce a duk shekarun nan wannan ce rana ɗaya da ya ga Mai Dalma bai juya baya ba. Ya tsaya ya buɗe ido. Tuta ta sauka. Tayar baya, wadda kowane kanike ya rantse za ta zame, ta kama kwalta ƙam kamar an danne ta da buhu. Tayar gaba kuwa, da duk wannan dalmar a wuyanta, sai da ta tashi. Ta ɗaga kamar faɗin yatsa uku, ta tafi a haka, ana ganin haske tsakaninta da ƙasa, kuma a wannan karon ba wanda ya tafa, don duk wanda ya san babur ya san ba ta da hurumin tashi. Ta tsaya a nan, ba ta ƙara ba. Sannan ta sauka. Tela ya ƙetare layin ƙarshe a bayan abokin karawarsa da rabin tsawon babur.

A hanyar dawowa ne kanikawa suka ga abin da suka yi hasashe. Yana tafe a hankali, tafiyar da ba ta fi ta keke ba, amma sau biyu gindin babur ɗin na zamewa, kan ya yi masa nauyi har sai da ya sauka ya tura. Da ya iso ya kafe shi, bai cire hula ba sai da ya tsaya ya kalli kujerar baya.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "da muka tashi bayan da nauyi. Ina ƙetare layi sai na ji an sauka."

Mai Dalma ya zauna a nan kan kwalta, tsoho da furfurarsa, hawaye na bin gemunsa, ba ya ko sharewa. Mutane suka dare, uwar Tela ta ratso su. Ba wajen ɗanta ta fara zuwa ba. Ta tsaya a gaban yayan mijinta, ta dube shi cikin ido, ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, tashi mu tafi gida," ta ce. "Wannan da ƙafarsa zai koma."

Wanda ya so ya ce sikeli ne ya lalace, ko iska ce, ko kwaltar ce ta yi zafi ta riƙe taya, sai ya faɗa, ba za a yi musu da shi ba. Mai Dalma ma ba ya musu, in an tada zancen sai ya ce a bar shi. Jinjinar nan ba don abin da ke kujerar baya aka yi ta ba, wannan ilimin yana wurin Allah. An yi ta ne don mutumin da ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa bai gudu ba, bai kuma gyara lamba don ta yi daidai da abin da mutane za su yarda da shi ba. An yi ta don wanda ya yi kuskure sau ɗaya, ya faɗe shi da bakinsa sau biyu ga mutanen da suka fi kowa haƙƙin ƙinsa, ya kuma mai da sauran rayuwarsa shinge don kada wani ya faɗa inda ƙaninsa ya faɗa.

Kai ne ka riƙe 'ya'yan mutane a ƙasa suna zaginka. Kai ne ka shaƙi hayaƙin da ya cinye maka hannu don wasu su koma gida da nasu hannuwan. Mun gode, Mai Dalma. Matan da ba su san kamanninka ba, amma mazansu suka dawo musu da yamma suna mitar an cinye su a tsere, su ma sun gode, ko ba su sani ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya jiƙan Shaho.

Ku kuma kanikawan da za su gaje shi, ba sikelinsa ake so ku gada ba, waɗannan ana sayar da su a kasuwa. Ku gaji haƙurin tsiyaye tanki lokacin da mai babur ke muku tsawa. Ku auna abin da ke gabanku, ba abin da kuke zato ba, in kuma kun yi kuskure ku faɗa tun kafin a tambaye ku. Sauran masu kofuna a saman kabad, har da kai mai shagon kayan gini, garejin yana buɗe har ƙarshen wata. Ku je ku gaishe shi tun yana wurin. In ya miƙo muku hannu kuka ji yana rawa, kada ku yi saurin saki, a kan aikinku ya zama haka.